DARASI: Hukuncin hayar ɗaki ga ɗaliban jami'a

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Tsira da amincin Allah su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa. Bayan haka:

Ya ku ƴan uwa Musulmi, duk farkon shekarar karatu ɗiyanmu suna barin Maraɗi da Damagaram da Tawa zuwa Jami'ar Abdu Mumuni ta Yamai, wadda take a ƙetaren kogi, a Harobanda. Ɗakunan kwana na jami'a ba su isar kowa, saboda haka da yawa sukan nemi haya a Lamorde ko Karaje ko Kirkisoye. Mafi yawan rigimar da ke tashi tsakaninsu da masu gidaje asalinta guda ne: an shiga ɗaki ba a fayyace magana ba.

Ku sani, Ibn Abi Zaidin Alƙairawani ya bayyana a cikin Risala cewa haya tana halatta idan an yanke mata wa'adi, an kuma ambaci kuɗinta. Ga mas'aloli biyar da suka rataya a kan wannan.

Ta farko: malaman Malikiyya sun kasa haya gida biyu. Akwai wadda aka ƙayyade wa lokaci, kamar a ce wata goma. Wannan ta lizimci kowa. Mai gida ba shi da ikon korar ɗalibi ko ƙara masa kuɗi a tsakiyar wa'adi domin wani ya taya da tsada, ɗalibi kuma ba shi da ikon fita ya ƙi biyan sauran. Akwai kuma ta wata-wata, wadda ba a faɗi ƙarshenta ba. A nan kowannensu yana iya warwarewa, in ban da watannin da aka riga aka biya. Wanda ke tsoron a fitar da shi ana dab da jarrabawa, to ya ƙulla irin ta farko.

Ta biyu: kuɗin haya yana wajaba da zarar an miƙa ɗaki, ko an kwana ciki ko ba a kwana ba. Ɗalibin da ya tafi hutu garinsu da mabuɗi a aljihu, watannin hutu suna kansa, sai fa in mai gida ya yafe.

Ta uku: ɗaki amana ne a hannun mai haya. Abin da ya lalace don tsufa ba ya ramawa, amma abin da ya ɓata da ganganci ko sakaci zai biya. Haka kuɗin ajiyar da ake bai wa mai gida, ba mallakarsa ba ne. Wajibi ne ya mayar ranar fita, bayan an cire ɓarnar da ta tabbata.

Ta huɗu: idan gida ya rushe, haya ta warware a sauran wa'adin. A shekarar 2020 kogi ya fasa shingen Lamorde, ruwa ya ci gidaje masu yawa. A irin wannan hali, mai gidan da ya karɓi kuɗin wata shida, aka zauna biyu, sai ya mayar da na huɗu.

Ta biyar: idan ɗalibai za su haɗu a ɗaki ɗaya, su faɗi yawansu tun farko, a kuma san rabon kowa a kuɗin ruwa da wuta. Wanda ya kama ɗaki da sunan mutum biyu ya cika shi da shida ya ci amana.

Daga ƙarshe, aya mafi tsawo a Alƙur'ani, a Suratul Baƙara, ta yi umurni da rubuta bashi da kafa shaidu. Muna kira ga iyaye da ɗalibai su rubuta wa'adi da kuɗi da ajiya da ladan dillali a gaban shaidu biyu, su riƙa karɓar takarda duk lokacin da suka biya. Ku kuma masu gidaje, ku ji tsoron Allah, ku jinkirta wa ɗalibin da kuɗin tallafinsa ya makara, domin baƙo ne mai neman ilimi.

Allah ne mafi sani. Wassalamu alaikum wa rahmatullahi.