"Ai Allah Ya riga Ya raba gado, me zan rubuta?"

Bismillahir Rahmanir Rahim.

'Yan uwa, wannan ita ce amsar da na fi samu duk lokacin da na ɗauko zancen wasiyya bayan sallar Asuba. Rabinta gaskiya ne. Allah Maɗaukaki da kanSa Ya yanka wa kowane magaji rabonsa a Suratun Nisa'i, aya ta 11 da ta 12 da ta 176, babu malami ko alƙalin da zai ƙara ko ya rage. To amma ayoyin sun faɗi kason kowa ne, ba su faɗi wace gona ce taka, wace ce ta aro ba. Kuma sun maimaita cewa rabon yana zuwa ne bayan an fitar da bashi da wasiyya. Wa ya san bashin da ke kanka in ba kai ba?

A mazhabar Malikiyya, wadda kotunanmu na shari'a ke aiki da ita, ana fara fitar da haƙƙin da ya rataya a kan wata kadara, kamar gonar da aka jinginar, sannan hidimar jana'iza, sannan basussuka, sannan wasiyya. Abin da ya rage shi ne gado. Dubi yadda muke mu'amala a nan Damri da sauran garuruwan Bakura, har Mafara da Maradun. Mutum ya karɓi jinginar gona a fadamar Bakolori da baki kawai. Ya ba wani shanu kiwo. Ya ɗauki taki bashi sai an yi girbin shinkafa. Akwai ragowar sadakin matarsa da bai cika ba, wanda bashi ne kamar kowane bashi. Awakin da ke cikin gida na matar ne, amma shi ke kai su kasuwa, kowa ya ɗauka nasa ne. Ran da ya faɗi, duk wannan ya tafi da shi kabari, a bar marayu da masu bin bashi suna rantse-rantse gaban alƙali. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Baƙara, a kan rubuta bashi ta sauka, mu kuwa muna ganin rubutu rashin yarda ne.

Wasu kuma tsoro ne, wai rubuta wasiyya kiran mutuwa ne. Wannan camfi ne. Sa'ad ɗan Abi Waƙƙas (RA) ya yi ciwo mai tsanani a Makka, ya nemi ya yi wasiyya da mafi yawan dukiyarsa, Manzon Allah (SAW) ya tsayar da shi a sulusi. Ya warke, ya rayu shekaru masu yawa, har ya jagoranci rundunar Musulmi a Ƙadisiyya. Bukhari da Muslim sun ruwaito daga Abdullahi ɗan Umar (RA) cewa wanda ke da abin yin wasiyya bai kamata ya kwana biyu ba tare da ita a rubuce ba. Hadisin bai ware tsoho ko mai kuɗi ba. Mu da muka ga abin da ya same mu a watan Mayu na 2022, ba sai an gaya mana cewa ajali ba ya jiran furfura ba. Allah Ya jiƙan waɗanda muka rasa.

"Bari sai na kwanta ciwo" ma yaudarar kai ce. Kyautar da mutum ya yi cikin ciwon ajali hukuncin wasiyya take ɗauka: ba ta wuce sulusi, in kuma ga magaji aka yi ta, sai sauran magada sun amince. Ko a lokacin lafiya, kyauta ba ta cika a wurin Malikiyya sai wanda aka ba ya karɓe ta a hannunsa. Ka ce wa ɗiyarka "na ba ki gonar can", amma kai ke nomanta kana cin amfaninta har ka rasu, to gonar ta koma cikin gado. In za ka ba da, ka ba da yanzu, ka kafa shaidu, ka kuma daidaita tsakanin 'ya'yanka kamar yadda aka umarci mahaifin Nu'umanu ɗan Bashir.

Inda abin ya fi ba ni tausayi shi ne jikoki. Mutum yana da 'ya'ya maza uku, ɗaya ya riga shi rasuwa ya bar ƙananan yara biyar. Kakan ne ke ci da su, a gidansa suke kwana, yana zaton in ya mutu za su ɗauki rabon ubansu. Ba haka ba ne. Baffanninsu sun shamakance su, ko taƙi ɗaya na gona ba su da shi. A Masar, dokar wasiyya ta 1946 ta yanka wa irin waɗannan jikoki wani kaso ko da kakan bai faɗa ba. Mu a nan ba a hukunci da haka. Hanyar da shari'a ta buɗe maka ita ce sulusin nan: tun da ba magada ba ne, wasiyya gare su ta halatta, kuma baffanni ba su da ikon soke ta matuƙar ba ta haura sulusi ba. A 'yan shekarun nan gidaje nawa ne dattijo ya binne ɗansa ya riƙe jikoki? Duk kakan da ke cikin wannan hali, wallahi kada ya kai Juma'a mai zuwa bai yi magana gaban shaidu ba. Haka agola, da yaron riƙo, da almajirin da ya yi maka hidima shekara da shekaru.

Sai batun banki. Sunan makusanci da ka cike a takardar buɗe asusu bai mai da kuɗin na wannan mutum ba, dukiyar magada ce gaba ɗaya. Amma sai sun san asusun yana nan. Matashi na da kuɗi a Opay ko Moniepoint, wasu ma na abokan cinikinsa ne, babu wanda ya sani ko mahaifiyarsa.

Rubutun ba ya buƙatar kuɗi. Samu littafi, da boko ko da ajami, ka rubuta wanda kake bi da wanda ke bin ka, da amanar da ke hannunka, da abin da yake na matarka, da iyakar kowace gona da yadda ta zo hannunka. In akwai zakkar da ba ka fitar ba, sa ta. Ka ambaci wanda zai tsaya wa ƙananan 'ya'yanka. Maza biyu adalai su shaida, domin takarda ba shaidu ana iya musanta ta. Ka ajiye kwafi wurin wani amintacce a wani gari, saboda gobara da gudun hijira. Duk bayan girbi ka buɗe ka gyara, wasiyya ana canza ta matuƙar mai ita na da rai. Mata ma haka, wadda ba ta iya rubutu ba ta sa a rubuta mata a karanta mata gaban shaidu.

A darasi na gaba, in sha Allah, za mu duba yadda lissafi ke rikicewa idan magaji ya rasu kafin a raba gadon farko.

Wallahu a'alam.