Rigar ruwa ta motar wasa

A damanar bana wani yaro na ajinmu ya zo makaranta da mota cikin jakarsa. Ba motar kara ba ce irin wadda kuke ƙerawa bayan girbi, ba kuma ta gwangwani ba. Mota ce mai batir, wadda ake tuƙawa daga nesa da rimot. Yayansa ne ya sayo masa ita a kasuwar Maraɗi. Lokacin shan iska ya sa ta ta ratsa wani ɗan kududdufi a bakin aji. Ta shiga da gudu, ta fito, ta yi gaba kaɗan, ta tsaya cik.

Ya kawo mini ita idonsa cike da hawaye. Ya ce, "Malam, ta mutu ke nan?"

Na ce, "Cire batir tukuna, sa'an nan mu yi magana."

Da muka kwance ta, sai muka ga wani ɗan allo kore, bai kai tafin hannun jariri ba. A jikinsa akwai layuka sirara na jan ƙarfe. Waɗannan layuka su ne hanyoyin wutar lantarki, kowane da inda ya nufa. Irin wannan allo ne ke cikin rediyon babanku, da salula, da fitila mai aiki da hasken rana wadda kuke karatu da ita da dare. Saboda haka darasin nan ba na mai mota kaɗai ba ne.

Me ruwa ke yi wa allon? Ruwa tsantsa ba ya ɗaukar wuta sosai. Amma ruwan kududdufi da na rijiya ba tsantsa ba ne, akwai gishiri iri-iri narke a ciki. Irin wannan ruwa yakan zama gada tsakanin layi da layi, sai wuta ta bi inda ba a aike ta ba. Wannan ita ce ɓarna ta farko. Ta biyu tana zuwa sannu. Ruwan yana cin jan ƙarfe, ya bar masa tsatsa koriya, har layin ya tsinke. In akwai batir a ciki, cin ya fi sauri. Abin da ya sa na ce a cire shi ke nan.

Daga Gidan Rumji zuwa Agye da Gazawa damana ba ta da tsawo, daga Yuni ne zuwa Satumba. Amma kada ku ce sauran watanni babu damuwa. Ƙurar hunturu tana shiga ta kwanta bisa allo. Ran da laima ta zo, ƙurar ta sha, ta jiƙe. A shekarar 2024, da ruwa ya yi ɓarna mai yawa a jihar Maraɗi, ba ɗakuna kaɗai aka yi asara ba, har da kayan da ke cikinsu.

Kakanninmu sun san maganin ruwa. Magina suna shafe bango da makuba don kada ruwa ya zaizaye shi. Allon wuta ma ana yi masa shafe. Tambayar ita ce, da me?

Mun yi gwaji a aji. Muka samo tsohuwar wayar wuta, muka fere robar, muka yanka jan ƙarfen gida biyar. Guda muka shafa masa ƙaro, guda man kaɗe, guda kakin zuma, guda jan farce irin wanda ba shi da launi. Na biyar ba mu shafa masa kome ba, shi ne shaida. Kullum da safe mukan tsoma su cikin ruwan gishiri, mu shanya a taga.

Yawancinku ƙaro kuka zaɓa, don yana ƙyalli in ya bushe. Shi ne ya fara ba mu kunya. Ran farko ya narke. Da mun yi tunani da mun sani, gama da ƙaro ake haɗa tawada, kuma kowa ya ga yadda ake wanke allo da ruwa rubutu ya fita. Man kaɗe ya kori ruwa, amma da rana ta take sai ya zama ruwa shi kansa, ya tsiyaye, ya kwashi rairayi. A nan ƙasar, inda zafin Afrilu da Mayu ke wuce digiri 40, ba shi da amfani. Kakin zuma ya yi ƙoƙari, don ba ya narkewa sai zafi ya wuce digiri 60. Aibinsa shi ne da muka lanƙwasa wayar sai ya tsage, ga shi kuwa mota kullum cikin girgiza take. Bayan kwana goma shaida ya yi kore, na ƙaro ma haka. Na jan farce yana nan ja wur.

A masana'antu akwai shafe na musamman. Akwai akirilik, mai saurin bushewa, mai sauƙin gogewa in za a yi gyara. Akwai silikon, mai taushi kamar roba, wanda ke jure zafi. Amma ku yi hankali da silikon ɗin da ake liƙe gilashin taga. In kun ji yana warin tsami, kada ya taɓa allo, tsamin nan yana cin jan ƙarfe. Akwai kuma gam mai ƙarfi wanda ake gauraya kala biyu, kamar Araldite. Shi ruwa ba ya ratsa shi da sauƙi. Duk da haka ni ban so shi ga motar yaro ba. In ya daskare ya zama dutse, ran da wani abu ya lalace a ƙarƙashinsa mai gyara ba shi da hanyar kai gare shi.

Motarmu kuwa, mun goge allonta da alkol na kantin magani da tsohon buroshin haƙori. Muka bar ta kwana uku a inuwa, inda iska ke bugawa. Kada a yi gaggawa a nan. Wanda ya shafe allo mai laima ya kulle ɓarawo cikin ɗaki. Da muka mai da batir, ƙafafun suka juya, aji ya ɗauki sowa. Sai muka sake cire batir, muka shafa jan farce siriri, ya bushe, muka ƙara sau ɗaya. Ba mu shafa wa bakin batir ba, da makunni, da cikin injin da ke juya ƙafafu, don nan dole ƙarfe ya taɓa ƙarfe.

Wannan dabara ta kayan ƙaramin batir ce kaɗai. Abin da ake sa wa wutar gida mai bolt 220, kada yaro ya buɗe shi.

Tambayoyi

1. Don me ake fara cire batir in ruwa ya shiga rediyo?
2. Mene ne amfanin wayar da ba a shafa wa kome ba?
3. Waɗanne wurare ne ba a shafawa?

Aiki: ku sake gwajin a gida da kyandir da basilin. Ku rubuta abin da kuka gani kowace rana, ku kawo ran Litinin ta sama.