Lambar manhaja

Hadiza 'yar Tajaye ta ajiye hotunan bikin yayarta a intanet. Hotunan suna cikin wata babbar kwamfuta, a ƙasa mai nisa. Sunanta sabar.

Sabar tana aiki da manhaja. Kowace manhaja tana da lamba. Ga misali, Ubuntu 24.04: 24 shekara ce, watau 2024, 04 wata ne, watau Afrilu.

Mai kula da sabar yakan rubuta lsb_release -a, sai lambar ta fito. In manhajar ta tsufa, an daina gyara ta, ɓarayi suna iya kwashe hotunan Hadiza. Dole ya sa sabuwa.

Tambayoyi
1. Ina hotunan Hadiza suke?
2. Yaushe Ubuntu 22.04 ta fito?