Darasi: Yadda Ake Zaɓen Takalmin Hawa Babur

Duk wanda ya tsaya da safe a bakin titin Maiduguri, daidai Daurawa, zai ga babura suna shigowa Kano. Wasu daga wajen Wudil suke, wasu daga Warawa. Haka abin yake a titin Zariya ta wajen Gyadi-Gyadi, inda mutanen Kura suke shigowa. Wani ya ɗauro kwandon tumatir, wani kejin kaji, wani buhun hatsi. Idan aka dubi ƙafafunsu, za a ga da yawa silifas ne kawai suka sa.

A watan Janairu na 2013 gwamnatin Jihar Kano ta hana sana'ar acaɓa a cikin birni. Amma babur bai bar hanya ba. Shi ne abin hawan manomi da ɗan kasuwa da malamin makaranta. An kafa Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa a 1988. A farkon 2009 ta fara tilasta sa hular kwano, don haka kowa ya ji batun kare kai. Batun kare ƙafa ne ba a cika yi ba. Alhali da ƙafa ake noma, da ita ake zuwa kasuwa.

ABIN DA KE SAMUN ƘAFA

Ƙafar mutum, daga idon sawu zuwa yatsu, tana da ƙasusuwa 26. Yawancinsu ƙanana ne, kuma babu tsoka mai kauri da ta rufe su. A kan babur ƙafa ce ta fi kusa da ƙasa. Abu huɗu ne suka fi yi mata illa.

Na ɗaya, gogar kwalta. Babur mai gudun kilomita 40 a awa yana cin mita 11 a kowace daƙiƙa. Idan mutum ya faɗi a wannan gudu, silifas ne yake fara fita. Daga nan kwalta ta kankare fata.

Na biyu, danniya. Nauyin babur yakan kai kusan kilo 100, wani ma ya haura. Wato kamar buhun masara ne. Idan ya faɗi, sau da yawa a kan idon sawu yake sauka.

Na uku, ƙuna. Salansa da inji suna ɗaukar zafi ƙwarai, taɓawa ɗaya ta isa ta sale fata.

Na huɗu, kamu. Sarƙa da wayoyin ƙafar baya suna iya fizgar dunduniya ko yatsa.

Irin wannan rauni shi ke kai mutum Asibitin Ƙashi na Dala, wanda aka kafa a 1959, ko Asibitin Malam Aminu Kano da ke titin Zariya. Karaya takan ɗauki makonni ko watanni kafin ta ɗinke. Idan ta zo wa manomi a watan Yuni, lokacin shuka da noman fari, to daminar wannan shekara ta wuce shi.

TAKALMIN DA YA DACE

Rufe ƙafa don hawa ba baƙon abu ba ne a ƙasar Hausa. A hawan Salla ana ganin mahayan doki da dogon takalmin fata. Mai babur ya fi su bukatarsa, domin shi a kan kwalta yake gudu. Ga abubuwa shida da za a duba:

1. Tsawo. Takalmi ya wuce idon sawu ya rufe shi ruf. Sau-ciki na zuwa biki da kambas duk ba su kai nan ba.

2. Fata. A nemi fatar saniya mai kauri. Yadi da roba mai ƙyalli suna yagewa da wuri.

3. Baki da dunduniya. Su zama masu tauri, waɗanda ba sa lotsewa idan an matsa da yatsa.

4. Ƙasan takalmi. Ya zama na roba mai zane, don kada ya yi santsi a kan yashi ko baƙin mai. Wanda aka ɗinke ya fi wanda aka manne da gam kawai. Yana da kyau ya kasance da ɗan tudu a dunduniya, don ya riƙe wurin ɗora ƙafa.

5. Ɗauri. Takalmin da ba ya ɗauruwa zai fita lokacin faɗuwa. Mai zif ko mai maɗauri ya fi. Idan mai igiya ne, a ɗaure a cusa ragowar igiyar ciki, kada ta maƙale a giya ko sarƙa.

6. Daidai ƙafa. A yawancin babura ƙafar hagu ke sa giya, ta dama ke taka birki. Takalmin da ya yi yawa, ko bakinsa ya cika kauri, yana hana mutum jin abin da yake takawa.

Dogon takalmin roba na shiga fadama ba na hawa babur ba ne. Ba ya kama ƙafa, ba shi da tauri, kuma zafin salansa yana narkar da shi.

GWAJI A KASUWA

Mai saye ya tafi da safar da zai riƙa sawa. Gara a yi gwajin da yamma, domin ƙafa takan ɗan kumbura bayan yini. Da farko ya kama baki da dunduniyar takalmin ya murɗa, kamar mai matse wanki. Idan ya murɗu da sauƙi, ba zai tare nauyin babur ba. Sannan ya matsa gefe da gefe. Ya kuma dubi ɗinki da zif. Bayan haka ya sa ƙafa biyun, ya ɗaure, ya taka, ya tsuguna. In da hali ya hau babur ya gwada giya da birki kafin ya biya.

A ƙasashen Turai akwai takalmin da ake yi musamman don babur. A cikinsa akan ga tambarin CE da lamba EN 13634 da hoton mutum a kan babur. Ma'anarsa an gwada shi a kan goguwa da yanka da danniya. Wanda ya ci karo da irinsa a cikin gwanjo ya dace. Amma ya duba ƙasansa da kyau, domin tsohon takalmin da ya daɗe a ajiye ƙasansa kan ruɓe ya ɓare.

Wanda bai samu wannan ba, ya nemi takalmin ma'aikata mai rufe idon sawu a kasuwar Ƙofar Wambai ko ta Sabon Gari. Yana kuma iya zuwa wajen baduku ko mai ɗinkin takalmi, ya faɗa masa abubuwa shidan nan. Araha ba ta ado. Kuɗin takalmi ɗaya bai kai kuɗin hoton ƙashi da magani da zirga-zirgar asibiti ba.

ZAFI DA ALWALA

Wasu sukan ce zafin bazara ya yi yawa. Wasu sukan ce cirewa don alwala akwai wahala. Duka gaskiya ne, amma akwai dabara. Safar auduga tana shanye gumi. Takalmi mai zif a gefe yana fita nan da nan. Mai babur yana iya rataya silifas a jikin babur, ya sauya idan ya isa. Da dare a ajiye takalmi inda iska za ta busar da shi. Kafin a sa da safe a kaɗe shi saboda kunama. A riƙa shafa masa mai don kada fatar ta tsage.

WANDA AKA GOYA

Na baya ma yana da ƙafa, kuma shi ya fi kusa da salansa da wayoyin ƙafar baya. Kada a goya yaro ba takalmi. Idan ƙafarsa ba ta kai wurin ɗorawa ba, to bai isa hawa shi kaɗai a baya ba. Mata su tattare zane da mayafi, maza su tattare babbar riga. Idan an ƙone a salansa, a yi ta zuba ruwa mai sanyi har minti 20, sannan a tafi asibiti. Kada a shafa baƙin mai ko toka.

Takalmi ba ya hana haɗari. Tuƙi a hankali da birki mai kyau da hular kwano duk suna nan a matsayinsu. Amma ranar da tsautsayi ya zo, takalmi na iya sa mutum ya tashi ya kaɗe jiki ya koma gona. In kunne ya ji, jiki ya tsira.

TAMBAYOYI

1. Ƙasusuwa nawa ne a ƙafar mutum?
2. Waɗanne abubuwa huɗu ne suke yi wa ƙafa illa a kan babur?
3. Me ya sa takalmin roba na fadama bai dace ba?
4. Yaya ake gwada taurin takalmi a kasuwa?
5. A rubuta abu shida da ake dubawa, a karanta wa wani mai babur a gida.