Tambaya da Amsa: Kuɗin Mai Kulob Ne Ke Kawo Kofi a Gasar Matasan Kanada?

TAMBAYA

Karatu ya kawo ni lardin Ontario na Kanada, abokan ajina kuma suka ja ni kallon wasan ƙwallon gora na kan ƙanƙara har na fara jin daɗinsa. Gasar matasa ce ta ɗaure mini kai. An ce ba a biyan yaran albashi, amma kulob ɗin London Knights kusan kullum yana sama, wasu kuma suna ta fama a ƙasa. A ƙwallon ƙafa mun saba attajiri ya sayi kulob ya kwaso taurari. To a nan da ba a sayen ɗan wasa, me mai kulob yake yi da kuɗinsa? Shi ne ke kawo nasarar?

Ɗalibinka daga Ontario

AMSA

Allah ya ba da sa'ar karatu. Mai kulob yana da hannu sosai a nasara, sai dai ba ta hanyar da ka sani a gasar Firimiya ba.

Babbar gasar matasan, CHL, ta ƙunshi kulob kusan 60 a rukuni uku: OHL ta Ontario, WHL ta yamma, da QMJHL ta Quebec da gabas. Ƴan wasan daga shekara 16 ne zuwa 20. Ana ba su ɗan kuɗin kashewa, a ajiye su a gidajen iyalai masu riƙo, a yi musu alkawarin kuɗin jami'a gwargwadon shekarun da suka buga. Sababbin yara kuma zaɓensu ake yi bi da bi, waɗanda suka ƙare a ƙasa su ke fara ɗauka. Wanda ya bi ta bayan fage yana ɗanɗana kuɗarsa: a 2012 an ci tarar Windsor Spitfires da Portland Winterhawks, aka kuma ƙwace musu damar zaɓe, saboda karya ƙa'idar abin da ake iya ba ɗan wasa ko iyalinsa.

Kulob ɗin da ka ambata kuwa ba haka ya taso ba. A kakar 1995 zuwa 1996, London Knights ya buga wasa 66, ya ci 3 kacal. A 2000 ne Dale Hunter da ƙaninsa Mark, tare da Basil McRae, suka saye shi. Dale da Mark ƴaƴan manoma ne daga ƙauyen Ontario, kuma su ukun duk sun buga babbar gasar NHL. Mark ya riƙe zaɓen ƴan wasa, Dale ya zama koci a 2001. Sai a 2002 aka buɗe sabon zauren wasa a tsakiyar garin Landan na Ontario mai cin mutum kusan 9,000, wanda yau ake kira Canada Life Place. Ka lura, zauren na hukumar birni ne, ba su suka gina shi daga aljihunsu ba. A kakar 2004 zuwa 2005 suka buga wasa 31 na farko ba a doke su ba, suka kuma ɗauki kofin Memorial na zakarun CHL a gida bayan sun lallasa ƙungiyar Rimouski ta tauraro Sidney Crosby da ci 4 da nema. Sun sake ɗaukarsa a 2016 da 2025.

Ga yadda kuɗin ke aiki. Mutum 9,000 a kowane wasan gida na nufin kuɗin tikiti da na talla da ƙaramin gari ba zai taɓa gani ba. Da su ake biyan masu farautar yara, mutanen da ke zama cikin sanyin ƙananan zauruka da littafi a cinya suna kallon ɗan shekara 15, suna rubuta yadda yake juyawa a kan ƙanƙara da abin da yake yi in an ƙwace masa ƙwallo. Da su ake ɗaukar mai duba lafiya, da mai bidiyo, da malamin da zai bi karatun yara, da motar tafiya mai kyau. Idan kulob ya zaɓi yaro, saura iyayensa su yarda ya zo, kuma uwa za ta so ganin gidan da ɗanta zai kwana da makarantar da zai shiga. Kulob ɗin da zai ce mata taurari irin su Patrick Kane da Corey Perry da Mitch Marner duk ta nan suka bi, ba ya shan wahalar lallashi.

Amma a ganina abin da ya fi ginin tasiri shi ne zaman lafiyar shugabanci. Ba wanda zai kori Dale Hunter don an sha kashi sau biyar a jere, tunda shi ne mai kulob ɗin. Wannan ke ba shi damar haƙuri da yaro ɗan 16 har ya nuna. A wasan da kowane tauraro ke tafiya bayan shekara uku ko huɗu, kulob kamar gona yake, wanda bai ajiye iri ba zai yi kuka baɗi.

Dubi kishiyar haka a Flint Firebirds ta jihar Michigan a Amurka, wadda ke buga OHL. Mai kulob ɗin, Rolf Nilsen, yana da kuɗi. A Nuwamban 2015 ya kori koci John Gruden, rahotanni suka ce kan yawan lokacin da ake ba ɗansa a fili. Yaran suka tuɓe rigunansu suka ajiye a ofis suka fice, har da ɗan nasa. Ya mayar da kocin, ya sake korarsa a Fabrairun 2016. Hukumar OHL ta dakatar da shi shekara 5, ta ci shi tarar dala 250,000. Abin da ya fi ba ni takaici shi ne yara ƙanana da suka baro iyayensu ne aka bari su tsaya wa gaskiya.

Cin wasa ma ba ya riƙe kulob in ba wurin zama. An ɗauke Kootenay Ice daga Cranbrook zuwa Winnipeg a 2019 da niyyar gina sabon zaure. Ginin bai samu ba, suka ci gaba da wasa a ƙaramin zauren jami'a. A 2023 sun kai wasan ƙarshe na WHL, kuma a shekarar aka sayar da kulob ɗin aka kai shi Wenatchee a Amurka.

Akwai kuma waɗanda ba su da attajiri ko ɗaya. Kitchener Rangers na masu sayen tikitin shekara ne, su ke zaɓen shugabanni, kuma sun ɗauki kofin Memorial a 1982 da 2003. Swift Current, garin da bai kai mutum 20,000 ba, jama'arsa ke da kulob ɗinsu, suka lashe WHL a 2018. Sai dai sun ba da damar zaɓensu ta shekarun gaba don tara gwanaye a kaka ɗaya, shekarar da ta biyo baya suka faɗo ƙasa warwas. Landan tana iya neman kofi duk shekara, ƙaramin gari kuwa sai ya yi tanadi na shekaru kafin ya gwada sau ɗaya.

Yanzu lissafin ya sake canzawa. A Nuwamban 2024 hukumar wasannin jami'o'in Amurka, NCAA, ta buɗe ƙofa ga ƴan wasan CHL daga kakar 2025. Gavin McKenna, tauraron Medicine Hat da suka kara da Landan a wasan ƙarshe na 2025, ya tafi jami'ar Penn State tun bai cika shekarun barin gasar ba. Mai kulob yanzu ba da maƙwabtansa kaɗai yake gasa ba, har da jami'o'i masu tarin dukiya, kuma ina jin tsoron ƙananan garuruwa ne za su fi jin jiki.