Yadda ake farautar duniyoyin da ke ɓoye a faifan sabon tauraro

Sabon tauraro yakan zauna a tsakiyar wani faifai na ƙura da iskar gas, kuma daga faifan ne duniyoyi ke dunƙulewa. Sai dai ƙurar da ta haife su ita ce ke lulluɓe su, shi ya sa mai nemansu yake komawa bin sawu.

Ana farawa da ɗaukar hoton faifan. Wannan aikin ALMA ne, tarin eriya 66 da aka kafa a hamadar Atacama ta ƙasar Chile, a tudu mai tsayin mita 5,000. A 2014 ta nuna faifan tauraron HL Tauri da zobba masu haske, tsakaninsu giɓi mai duhu. Duniya mai nauyi kan share ƙurar da ke hanyarta yayin zagaye, ta bar irin wannan giɓi. Amma a nan ake bukatar kai zuciya nesa, domin wurin da gas ke daskarewa ya zama ƙanƙara ma yana iya haifar da zobe.

Daga nan sai a koma kwamfuta. A gina faifai na gwaji, a jefa masa duniya, a riƙa sauya nauyinta har siffar ta yi daidai da hoton.

Matakin da ya fi burge ni shi ne auna tafiyar gas. Iskar kabon monoksaid tana zagaye tauraro da saurin da lissafi ya riga ya sani. Duk inda ta karkace, akwai abin da ke janta. Ta haka aka hango alamun duniyoyi a faifan HD 163296 a 2018, ba tare da an ga ko ɗaya da ido ba.

Sai neman ganin abin kansa. Ana toshe hasken tauraron, a nemi ɗigon zafin da sabuwar duniya ke fitarwa. Na'urar SPHERE da ke kan madubin hangen nesa na VLT a Chile ta kama duniyar PDS 70b a 2018, kuma a 2019 aka gano PDS 70c ta hasken haidurojin da take haɗiya. Dole a sake dubawa bayan watanni ko shekaru, a tabbatar ɗigon yana tafiya tare da tauraron, ba wani tauraro ne na can nesa ba.

Wani lokaci abin da ke ɓoye ba duniya ba ne. Babban giɓin faifan HD 142527 ƙaramin tauraro aka samu a cikinsa, yana zagaye babban tauraron.