Zaɓen 'Yan Wasan Farko a Ƙungiyar Ƙwallon Raga ta Kwaleji

Ƙwallon raga wasa ne da William G. Morgan ya ƙirƙiro a Amurka a shekarar 1895. Kowane ɓangare yakan shigar da 'yan wasa shida, uku a gaba kusa da raga, uku a baya. Kafin kowane zagaye, mai horarwa yakan miƙa takardar jerin sunayensu, kuma tsarin juyawar da ya rubuta ba ya sauyawa har zagayen ya ƙare. Saboda haka kuskuren da aka yi a takarda shi ake biya a fili.

Wanda ya kamata a fara zaɓa shi ne mai ɗaga ƙwallo, domin ta hannunsa kusan kowane hari yake bi. A tsarin da ake kira 5-1, shi kaɗai ne mai ɗagawa, sauran biyar maharba ne. Dogaye biyu masu tare ƙwallo a tsakiya akan jera su daura da juna, ta yadda idan ɗaya ya koma baya, ɗayan zai kasance a gaba. Tsayin ragar maza mita 2.43 ne, wannan ya sa malamai da yawa ke ruɗuwa da tsawon ɗalibi, alhali dogon da bai iya karɓar bugun farko ba nauyi ne ga ƙungiya.

Tun 1998 aka shigo da libero, mai tsaron baya da ke sanya riga daban. Ba ya tare ƙwallo a raga, don haka gajeren ɗalibi mai zafin nama ya fi dacewa da wannan gurbi.